Inci Huɗu Daga Ƙafar Tebur

Tef ɗin tela ne rataye a wuyansa, irin rawayan nan da lambobinsa suka fara gogewa. Shi Shagufta ta fara gani ranar, kafin ma ta kalli fuskarsa. Ta sha zuwa asibiti, amma ba ta taɓa ganin likitan da ya rataya tef a inda ake rataya abin sauraren ƙirji ba.

A wancan zamanin ɗakin gashin ƙashin yana saman shagon mai jalebi ne, wata alewa da ake soyawa, a tsohuwar kasuwar Chiniot ta ƙasar Pakistan. Yanzu an rushe wurin an zuba shagunan waya, amma har gobe in ta ji ƙamshin jalebi a mai, sai wuyan hannunta na dama ya motsa.

"Shagufta Barkat?" Ya duba katin. "Zauna, Bibi. Sunana Tanwir. Me ke tafe da ke?"

Ta yi bayani kanta a sunkuye. Wata biyar ke nan wuyanta na riƙewa, kafaɗunta kamar an aza mata buhun alkama, yatsu uku na hannun dama kuma sukan mutu ta kasa riƙe kofin shayi. Aikinta buga tsofaffin littattafan Urdu ne a kwamfuta. Wani kamfanin ɗab'i na Lahore ke aiko mata, tana yi a gida, awa takwas kullum.

Yana saurarenta, amma ƙasa yake kallo. Ita ma ta kalla. Ashe ta naɗe ƙafafunta ta saƙale dugaduganta a sandar ƙasan kujera.

"Kujerar nan gajera ce, ƙafarki za ta kai ƙasa," ya ce. "Me ya sa kika maƙale kamar tsuntsuwa a wayar lantarki?"

"Sabo ne."

"Sabo da me?"

"Da kujerar gida."

"To ai ita ya kamata a kawo asibiti, ba ke ba."

Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki don kada ya ga ta yi dariya. Ya gani.

Ya gasa mata wuya da hannu, ya koya mata yadda za ta riƙa miƙe yatsu. Ya ce mai aikin kwamfuta tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa, gwiwar hannunsa ta yi daidai da saman tebur, saman allon kwamfutar kuma ya yi daidai da idonsa. Duk rabin awa ya tashi ya miƙe. Ta ce in ta shiga littafi mantawa take yi da agogo. Ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa tuna mata.

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum. Rabin awa ta cika. Ki tashi ki miƙe, ki kalli nesa. Likitan kujeru."

Sau huɗu tana rubuta amsa tana gogewa, sannan ta tura: "Na tashi. Iyakar nesan da nake gani katangar maƙwabta ce."

"Ki gaishe ta."

Haka abin ya fara. Damina ta zo ta wuce, kogin Chenab ya cika ya janye, saƙon rabin awa bai fasa zuwa ba. Tun tana amsawa da kalma biyu har ta koma tura masa jimlolin da suka burge ta a littafin da take bugawa. Shi kuma ya daina kiranta Bibi, wato Malama.

"Tsuntsuwata, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, ko tef ɗin ka tauna?"

"Jalebi biyu na ci. Na uku na ajiye miki, amma in ba ki zo ranar Talata ba amana za ta karye."

Hannun ne dai ya ƙi. In an gasa ya lafa, kwana uku ya dawo. Wata Talata Tanwir ya naɗe tawul ɗin gashi ya dube ta.

"Shagufta, ina zuba ruwa a kwando. Sai na ga inda kike zama." Ya sosa ƙeya. "Kuma Ammi, mahaifiyata, ta ishe ni. Tana so ta je ta gaida mahaifinki. Na ce ta bari ya fara ganina tukuna, ko da a matsayin likita ne."

Ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta gyaɗa kai kawai.

Akwai abin da ya kamata ta faɗa masa tun ranar. Mahaifinta, Ustad Barkat Ali, masassaƙi ne da duk unguwar masu katako ta san hannunsa. Shekarar da ya auri mahaifiyarta, Malama Nighat, ya sayi itacen shisham guda a bakin kogi ya yi mata tebur da kujera, domin malamar makaranta ce, kullum da tulin littattafan yara. Doguwa ce sambal, ta fi shi da taƙi guda, har abokansa suna tsokanarsa wai sai ya hau benci yake mata magana. Da zare ya auna ta tana zaune, ya sassaƙa furannin yasmin a gefen teburin.

A ƙarƙashin teburin nan Shagufta ta girma. Takan shige ta zauna tana wasa da yatsun ƙafar mahaifiyarta, jan biro yana ƙaras-ƙaras a samanta, ƙamshin man kwakwa da na katako sun cika wurin. Shekara tara ke nan da rasuwar Malama Nighat. Tun daga ranar Shagufta ta hau kujerar, ta yi karatun jami'a a kanta, ta kama aiki a kanta. Sai dai tsayin mahaifinta ta ɗauko.

Sau uku ta fara rubuta wa Tanwir wannan labarin. Duk sanda ta kai kan sunan mahaifiyarta sai ta goge. Ta ce a ranta in ya gani da idonsa zai gane.

Ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, cikin farin kaya, tef ɗin a wuya. Ustad Barkat ya karɓe shi da fara'a, aka kawo shayi da soyayyen fakora mai kama da ƙosai. Fufi Zarina, ƙanwar mahaifinta da ke zaune a layin bayansu, ta zo ta kafa kujera tana ƙare masa kallo tun daga takalmi.

Shagufta ta zauna a teburin kamar yadda ta saba, kafaɗu a ɗage, dugadugai a sanda. Fufi ce ta riƙe bakin tef ɗin a gwiwar hannunta, shi ya ja ɗaya bakin zuwa ƙasa. Ya auna tebur, ya auna kujera. Fuskarsa ta washe irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Chacha ji," ya ce wa mahaifinta, "ai ga ciwon nan! Aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai wanda ya yi shi ya kuskure awo. Abin ma da sauƙi tunda kuna da zarto a gida. Inci huɗu daga ƙafar tebur, uku daga kujera. Aikin minti goma ne."

Cokalin da ke hannun Fufi ya faɗi a faranti.

Ustad Barkat ya ajiye kofinsa a hankali.

"Ni na yi shi," ya ce. "Kuma awon daidai yake." Ya ɗago ya dubi saurayin. "Yaro, 'yata ka zo dubawa, ko ƙafar matata ka zo yankewa?"

Tanwir ya juyo ya kalli Shagufta. Ita kuma ƙasa take kallo, ƙasar da ƙafarta ba ta kai ba.

"Zarina," in ji tsohon, "raka baƙo."

Fufi Zarina ba ta bari abin ya huce ba. Dama tana da ɗa, Imtiaz, mai shagon kayan ofis na ƙasar waje a Faisalabad, kuma ta daɗe tana zagaye-zagayen haɗa shi da Shagufta. Kwana biyu tsakani sai ga riksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, a ƙofar gida, an ɗauro baƙar kujera mai tayoyi da jan ƙyalle a wuyanta, Fufi na biye da kwalin laddu a ka, alewar da ake kaiwa gidan da ake neman aure.

"Bhai jan, ga maganin ciwo ba tare da an taɓa kayan marigayiya ba. Tana hawa, tana sauka, tana juyi. Ɗan gida shi ya san darajar kayan gida, ba bare mai tef ba."

"Roba ba ta shiga ɗakin Nighat," in ji Ustad Barkat. Amma bai ce a'a ga ɗaya zancen ba. Cewa ya yi zai ba ta amsa bayan Sallah. Saura sati uku.

Saƙon rabin awa kuma ya ɗauke. Shagufta takan ajiye wayar kusa da hannunta, ta buga shafi ta duba, ta buga shafi ta duba. Yatsun suka ƙara mutuwa, har wata safiya tulun lassi, damammen nono, ya suɓuce mata ya fashe. A rana ta goma sha ɗaya ta cije ta rubuta:

"Rabin awa ta cika tun kwana goma sha ɗaya."

Amsar ta zo nan take, kamar dama wayar na hannunsa.

"Na zo ba da haƙuri ranar Lahadi, na ga laddu sun riga ni shiga. Allah ya sanya alheri. Kujerar mai kyau ce. Ki sauke ta daidai gwiwarki."

Ta karanta sau biyu. Ba ta san tana da irin wannan fushin ba sai da ta ga yatsunta na gudu.

"Kujerar tana tsakar gida, kyanwa ce ke barci a kai. Laddu Fufi ce ta yi gaban kanta, tururuwa suka cinye. Wata rana ka tambaye ni kafin ka aurar da ni."

"Tsuntsuwata. Wallahi kwana goma sha ɗaya ban ci jalebi ba."

"Kada ka ci. Ka saurara."

Sai ta rubuta masa komai: itacen bakin kogi, zaren, jan biro, yatsun ƙafa. Saƙon ya yi tsawo har wayar ta raba shi gida shida. Ta tura ba ta goge ko harafi ba. An jima ya amso:

"Na auna tebur ban tambayi na waye ba. Gobe zan zo shago."

Shagon Ustad Barkat a jikin gidan yake, akwai taga mai ragar katako da ke kallon tsakar gida. Nan Shagufta ta zauna da faifan shinkafa, tana tsintar abin da ta riga ta tsince.

Ta ji sallamar Tanwir. Ta ji gudumar mahaifinta ta ci gaba da bugu kamar ba kowa.

"Ustad ji, na yi rashin ladabi a gidanka. Na yi magana a kan abin da ban sani ba. Ka yafe mini."

"Na ji."

"Kuma na yi gaggawa. Ba sai zarto ya taɓa komai ba. A sa matashi na inci ɗaya a kujerar, a yi mata matakin ƙafa na inci huɗu, shi ke nan. Ga awon na rubuto."

"Faci ke nan." Gudumar ta tsaya. "Shekara arba'in ina aiki ban taɓa yi wa kayana faci ba."

"To ka yi yadda ka ga ya dace, kai ne gwani. Amma a yi wani abu. In aka ci gaba haka, hannun nan sai an kai shi tiyata. Ko ni ka ba, ko ɗan ƙanwarka, da hannunta za ta tafi." Ya ajiye takardar awon. "Ni jiki na iya karantawa, ban iya karanta katako ba. Kai ka iya. Ka duba sandar ƙasan kujerar."

Ta ji takun Tanwir ya yi nisa. Gudumar ba ta sake bugu ba har aka kira azahar.

Washegari da safe ta fito daga kicin da shayinsa, ba ta same shi a shago ba. A ɗakin ta tarar da shi, durƙushe gaban kujerar, tabarau a hanci, yana shafa sandar da babban yatsansa. Ita ma sai a lokacin ta lura. Wuri biyu fentin ya goge tas, katakon ya yi fari ya lotsa kamar bakin tsohon turmi.

"Nighat ba ta taɓa taka nan ba," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ƙafarta a ƙasa take." Ya sa yatsa a ramin. "Shisham ne fa. Ƙusa ma sai ta yi da gaske. Shekara tara, puttar, 'yata?"

"Abba ji, ba ya ciwo sosai."

"Ƙarya kike yi wa ubanki, katako yana gaya masa gaskiya. Me ya hana ki faɗa?"

Ta ajiye kofin a ƙasa.

"In na zauna a kai, ji nake kamar ta fita ne za ta dawo. Kai ma in ka leƙo ka ga mutum a wurin, fuskarka takan saki. Ban so in ɓata mana."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Uwarki da zare na auna ta kafin in sa gatari a itacen. Na yi wa rabin 'yan matan garin nan gadon aure, kowacce da awonta." Ya mayar da tabarau. "Ke ban taɓa auna ki ba."

Ya laluba aljihu ya zaro ƙullin farin zare. Ya sa ta zauna a bakin gado, ya auna daga dunduniya zuwa gwiwa ya ƙulla, daga mazauni zuwa gwiwar hannu ya ƙulla, daga nan zuwa ido ya ƙulla. Ya naɗe zaren a yatsa ya miƙe da ƙyar.

"Ki ce wa mai tef ɗin nan ya turo mahaifiyarsa. Kuma ya fita harkar zarto, ba sana'arsa ba ce."

Ranar aka kwashe tebur da kujera zuwa shago aka lulluɓe da zani. Bai ce ga abin da zai yi ba, ba wanda ya tambaye shi. Kujerar Imtiaz ta koma Faisalabad da gashin kyanwa a jikinta. Shagufta ta nemi hutu a wurin aiki, hannun ya samu sauƙi daidai lokacin da za a zana masa lalle.

An ɗaura auren a farkon sanyi, lokacin da lemo ya cika kasuwa. Fufi Zarina ta yi kwana goma ba ta taka gidan ba, amma ranar biki ita ta fi kowa kuka, ita ta fi kowa cin shinkafar biryani. Da za a fita da amarya, an ɗaga Alƙur'ani bisa kanta, Ustad Barkat ya kama hannunta na dama ya sa a na Tanwir.

"Ga shi nan, ka san shi fiye da ni. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya jiƙan wadda ba ta ga yau ba."

Aka amsa da amin har bakin titi.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, amalanke ya tsaya a ƙofar gidan su Tanwir. Ustad Barkat da kansa ya kwance igiya. Shi da surukinsa suka hau da kayan sama. Ya zagaya ɗakin ya zaɓi gefen taga, inda haske zai zo ta kafaɗa ba ta fuska ba, ya yaye zanin.

Teburin nan ne, da furanninsa na yasmin. Kujerar nan ce, har da ramuka biyun da ke sandarta, bai cike su ba. Ya nuna wa Shagufta da haɓa.

Ta zauna. Don sabo ta ɗaga ƙafa za ta saƙale, sai ta ji tafinta ya sauka a kan siminti mai sanyi, duka biyu, daram. Ta aza hannuwa a tebur, kafaɗunta suka sauko da kansu kamar an sauke mata kaya.

A tsakiyar teburin akwai ɗan dandamali na ɗora allon kwamfuta, sabon sassaƙa. Ta sunkuya ta duba ƙafafunsa huɗu, gajeru, masu tsohon fenti. Ta san su, guntayen da aka yanke daga ƙafafun teburin ne. A tsakaninsu ta yi rarrafe.

Tanwir ya kai hannu ga tef ɗin wuyansa. Tsohon ya yi masa kallo ɗaya ta saman tabarau, Tanwir ya sauke hannun.

"Na yarda, Ustad ji. Wallahi na yarda."

"Ka rantse ba za ka auna ba in ya tafi," in ji Shagufta, tana dariya hawaye na zuba.

"Tsuntsuwata, yanzu kuma da wane suna zan kira ki? Kin sauka daga waya."

Daga ƙasa mahaifiyarsa ta ɗago murya tana cewa shayi ya nuna, a sauko da baƙo, kada ya kuskura ya tafi bai ci komai ba. Suka juya tare.

Ba kowa a bakin ƙofar.

Shagufta ta leƙa ta taga. Ga mahaifinta can ya kusa kwanar layi, gajere, ɗan duƙe, aljihun rigarsa ya yi nauyi gefe guda. A hannunsa akwai ɗan guntun katako daga ƙafar kujerar, bai fi inci uku ba, yana shafa shi da babban yatsa. Bai waiwayo ba, ya sha kwana.